Jan Layi a Bayan Kalanda

A watan Disamba na 2021 na gama wayarin wani gida mai ɗaki huɗu a unguwar Madina ta Accra. Aiki ya yi kyau, ni na sani, mai gidan ma ya sani, don har tukuici ya ƙara mini. Amma da aka zo maganar mita sai na koma gefe kamar baƙo. Dokar wayari ta Gana ta 2011 ta ce ba a jona wa gida wuta sai wanda Hukumar Makamashi ta ba lasisi ya duba aikin ya sa hannu. Ni kuwa shekara 11 ina jan waya, tun ina riƙe wa Masta, maigidana da ya koya mini aikin, tsani a unguwarmu Nima, amma ba ni da wannan lasisin. Na kira wani yaro da na girme wa da shekara biyar ko shida. Ya zo da na'urarsa ya gwada, bai sami aibi ko ɗaya ba, ya sa hannu, na cire kasonsa daga kuɗina na ba shi. Mai gidan yana tsaye yana kallo. Da yaron ya tafi ya ce mini a hankali, "Ashe kai ba ka da takarda?" Ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Duk da haka, daga tashar Madina har tirotiro, motar haya, ta sauke ni a Nima, maganar ba ta bar kunnena ba.

Kowace shekara, in mun zauna shan ataya da daddare a majalisarmu ta bakin titi, wadda mu 'yan Nima muke ce wa bes, sai in ce bana zan rubuta jarrabawar nan. Abokai su ce Allah ya nufa. Shekara ta zo ta wuce. Ba ƙiwa ba ce, don tun asuba nake fita, sai magariba nake dawowa da ƙura har cikin kunne. Matsalar ita ce "bana zan yi" ba ta gaya wa mutum abin da zai taɓa ranar Talata da safe.

A lokacin Masta ya samu aiki a wani bene mai hawa huɗu da ake ginawa a East Legon. Mai kula da ginin gaba ɗaya wani bawan Allah ne ɗan Aboabo ta Kumasi, ya yi karatunsa a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST, kowa Injiniya yake ce masa. Ofishinsa kwantena ce da aka yanka wa taga. Wata Laraba aka sa za a zuba kankaren rufin hawa na biyu. Aikinmu shi ne mu shimfiɗa bututun waya a tsakanin rodi kafin a zuba, domin in kankare ya kama, sai dai fasawa. Masta ya bar mini lissafin bututu, na ƙiyasta da ido, suka gaza. Kafin in je Opera Square, inda ake sayar da kayan wuta, in sayo in dawo cikin cunkoson Accra, rana ta faɗi. Injin kwaɓa da aka ɗauko haya yana da wani wurin washegari, leburori suka watse. Zubin Laraba ya koma Asabar.

Na shiga kwantenar ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya kama hannuna ya kai ni gaban wata doguwar takarda da ke manne a bango. Sunayen ayyuka a jere ta hagu daga sama har ƙasa, makonni a jere ta sama, kowane aiki da sandarsa a kwance, tsawonta gwargwadon kwanakin da zai ci. Wasu sandunan shuɗaye, wasu jajaye.

"Ɗan'uwa, ka ga mai haɗa ƙofofi? In ya makara mako guda ba abin da zai faru, yana da sarari. Yanzu dubi naka." Ya bi da yatsa: bututu, zubi, jiran kankare ya yi ƙarfi, cire katako, ɗora bulo na hawa na gaba. Duk jajaye, kowanne yana riƙe da wutsiyar na gabansa. "Kankare kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma ba ya jin roƙo. Duk wanda ke kan jan layin nan, kwanansa ɗaya kwanan mai gini ne. Ka ci kwana uku, ranar miƙa makulli ta matsa da kwana uku."

Ya ce jadawalin sandunan wani Ba'amurke ne mai suna Henry Gantt ya yaɗa shi tun wajen 1910, lissafin jan layi kuma kamfanin DuPont ne ya fara aiki da shi a ƙarshen shekarun 1950. Yana magana ni kuwa kakana nake tunawa. Shi ne yake ba mu labarin fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da jakuna zuwa Salaga sayen goro, tafiyar watanni. Akwai madugu, akwai jagaba. Madugu ya san ranar tashi, ya san kogin da dole a haye kafin ya cika, ya san inda za a ya da zango da guzurin da zai kai ayari can. Sunan unguwanninmu ma, Zango, daga nan ya samo asali. Sai na ga takardar bangon ba baƙuwa ba ce a gare mu.

Na ce, "Injiniya, mutum zai iya yi wa kansa irin wannan?"

"Duk abin da ke da farko da ƙarshe ana iya yi masa. Me kake so ka gama?"

"Ina so in ci gaba a rayuwa."

"Wannan addu'a ce, Allah ya amsa. Abin da nake tambaya shi ne wanda za a wayi gari a ce an gama shi."

Na yi shiru, sannan na ce lasisi.

A daren na sauke tsohuwar kalandar 2021 daga bangon ɗakin Mma, mahaifiyata, na juya bayanta, na nemi rula da biro biyu, shuɗi da ja. Na riga na tambaya na san lasisin aji-aji ne: na gidajen kwana, na gine-ginen kasuwanci, na masana'antu. Jarrabawar kuma tana da rubutu, da aikin hannu, da tambayoyin baki, ana yin ta tsakiyar shekara da ƙarshenta. Na zaɓi ajin kasuwanci, na zaɓi ta tsakiyar 2022. Wata biyar. Na rubuta karatu awa biyu kowane dare, gwajin hannu ranar Lahadi, kuɗin fom, kuɗin darasin share fage, da kuɗin mega, wato na'urar gwada lafiyar rigar waya. Jan biro kuwa a kan kuɗi na ja shi, don a ganina duk abin da ya hana ni tsawon shekarun nan rashin kuɗi ne. Na karɓi kati wurin mai susu, wato mai karɓar ajiyar kullum, ina zuba sidi 20 kullum, shi ya ɗauki na kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, kamar yadda aka saba.

Janairu da Fabrairu sun tafi daidai. Ina dawowa in yi wanka in buɗe littafi, ko da yake sau da yawa ido ne kawai ke bin layi.

A Maris kawuna ya rasu a Asawase. Na raka Mma Kumasi, muka zauna har aka yi sadakar bakwai. Kuɗin mota, gudummawa, abin da za a ciyar da masu zaman makoki, duk daga katin susu suka fito, ga kwana takwas ba aiki. Farkon Afrilu azumi ya kama. Mai yini a kan bene da ƙishirwa, in ya sha ruwa ya yi asham, babu sauran awa biyu a jikinsa. Farkon Mayu Sallah, yara na jiran ɗinki. Bayan Sallah aka sa bikin 'yar yayata, aka fitar da yayi, wanda mutanen Najeriya ke kira anko, kuma ni ne kawun amarya. Da na lallaɓa na tattara takarduna don yin rajista, sai na ga sunan da ke kan shaidar makarantata ba shi ne na kan katin shaidata na ɗan Gana ba. A makaranta sunan kakana aka rubuta mini a ƙarshe, a kati kuwa sunan mahaifina. Gyaran yana son takardar rantsuwa daga kotu, yana son lokaci. Kafin in motsa an rufe rajista.

Abin da ya fi ciwo a watannin nan ba rasa jarrabawar ba ne. Na fara ganin 'yan'uwana kamar masu sace mini lokaci. Duk wayar da ta shigo daga dangi sai gabana ya faɗi. Wani dare Mma ta ce maganin hawan jininta ya ƙare, na ce mata, "Mma, ni ma fa ina da abin da nake tarawa." Ba ta ce komai ba, ta gyara mayafinta ta shiga ɗaki. Na fita na sayo maganin a daren, na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Amma har yau in na tuna da yadda ta gyara mayafin nan sai jikina ya yi sanyi. Tsarin da zai sa mutum ya ɗaga wa uwarsa murya akwai abin da ya ruɓe a cikinsa.

Cikin ruwan Yuni na naɗe kalandar a leda na kai wa Injiniya. Ya shimfiɗa ta a tebur ya daɗe yana kallo.

"Wannan jadawalin wani ne da ba shi da uwa, ba shi da mata, ba ya azumi, kuma ba a mutuwa a danginsu. Azumi ba zato ya zo maka?"

Na ce a'a.

Ya nuna mini nasa na bango. Sandunan Mayu da Yuni sun fi na Janairu tsawo, alhali aikin iri ɗaya ne, saboda ya san a watannin ne ruwan Accra yake sauka da ƙarfi. A kasafin ginin kuma akwai kaso da aka ware na ko-ta-kwana, ba a taɓa shi sai abu ya faru. "Abin da ka san zai zo ba tsautsayi ba ne," in ji shi. "Ba ka san wanda zai rasu ba, Allah ya jiƙan kawunka. Amma kai ɗan Zango ne. Akwai shekarar da ta taɓa wucewa ba ka je jana'iza da suna da biki ba? To su ma ayyuka ne. Ka ba su sandarsu."

Sannan ya yagi takarda ya rubuta mini tambaya ɗaya da Turanci, a kan hitar ruwa mai wat 3,000 a wutar volt 230. Na san wayar da zan sa mata ko cikin barci aka tashe ni. Amma tambayar ba wannan take nema ba, so take in lissafa ƙarfin wutar da hitar za ta ja. Na karanta sau uku ban tabbatar da abin da ake tambayata ba. Ya raba 3,000 da 230 a gabana, ya fito da amfiya 13 da ɗan ɗori. Minti ɗaya bai cika ba. Ya ɗauki jan birona ya soke layin da na ja a kan kuɗi, ya ja sabo a ƙarƙashin kalmar karatu.

Gaskiya ya faɗa. A aji uku na ƙaramar sakandare na bar boko. Kuɗi ana iya ranta a dare ɗaya, aikin hannu kuma ina da shi. Amma karanta tambaya da Turanci a gane ta, da raba lamba ba tare da gumi ya karyo ba, wannan kamar kankare ne, kwanakinsa yake so. Shekara da shekaru ina ɗora laifi a kan aljihu saboda ya fi sauƙin faɗa a bes. Ba mai jin kunyar cewa ba shi da kuɗi. Cewa ba ka iya lissafin aji shida ba kana da shekara 31, wannan ba ya fita a baki da sauƙi.

Na sake juya wata takardar kalandar a Yuli. Injiniya ya ce aiki ƙafa uku gare shi kamar murhu: girmansa, lokacinsa, kuɗinsa. Ka taɓa ɗaya sauran biyu su motsa. Tunda kuɗi ba zai ƙaru ba, na ƙara lokaci zuwa tsakiyar 2023, na kuma rage buri daga ajin kasuwanci zuwa na gidajen kwana. Ragin nan ya yi mini ɗaci, don na riga na faɗa a bes. Amma da na duba littafin ayyukana, kusan duk gidajen kwana ne suke ciyar da ni.

Maganar suna ita na fara tunkara a makon farko, tunda aiki ne da jira ya fi yawa a cikinsa, kuma jiran ba ya hana ni karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai abin da ban yi ba a karon farko. Bayan isha na shimfiɗa kalandar a tabarma, na kira Mma da matata. Na yi musu bayanin sanduna da jan layi, na ce su gaya mini abin da na manta. Mma ta ce ita dai a bar mata ranar asibitinta. Matata kuwa ta ja takardar gabanta, ta fara lissafi da yatsu: wance tana da ciki, za ta haihu wajen Oktoba, wance an kai kuɗin gaisuwarta, bikin ba zai wuce Janairu ba, kuɗin hayar ɗaki zai cika a Fabrairu, kuma mai gida na shekara yake karɓa gaba ɗaya. Abubuwan da nake kira tsautsayi, ita tana da su a kai tun watanni kafin su iso. Ban taɓa tambayarta ba ne kawai. Muka zana musu sanduna, kowanne a watansa. Katin susu ya zama biyu: sidi 15 na lasisi, sidi 5 na zumunci. Maganin Mma ya hau layin sama tare da abinci, inda ba a taɓawa.

Ita ce kuma ta canza mini lokacin karatu. Koko da ƙosai take sayarwa, tun kafin kiran sallah take tashi. Ta ce, "Malam, da dare gawa kake dawowa. Ka yi da asuba, ni ina suya kai kana karatu." Haka aka yi. In an sallame sallah in dawo in zauna a kan benci kusa da kaskonta, minti 45, ba ƙari ba ragi. Littafin da na yi karatun da shi har yanzu yana da ɗigon mai a gefen shafukansa. Ranar Asabar da yamma 'yar ƙanwar Mma, wadda ke babbar sakandare, takan zo ta koya mini. Rana ta farko kunya ta hana ta gyara mini kuskure, tana ta "Yaya, kusan haka ne." Na ce mata a nan ke ce malama, in na yi ba daidai ba ki ce ba daidai ba ne. Muka faro daga rabawa da ɗigo, muka zo dokar Ohm, muka zo yadda ake fitar da wat daga volt da amfiya. Abin da hannuna ya sani tun tuni ya fara samun dalili. Na daɗe ina sa waya mai kauri 1.5 a fitilu, mai 2.5 a soket, don haka Masta ya koya mini. Ranar da na lissafa da kaina na ga abin da ya sa siririyar waya take zafi in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, na daɗe a zaune ina kallon takardar. Gobarar da ake yi a kasuwanni da gidajen haya ta zo mini a rai, da irin jone-jonen da na sha gani a lungunanmu.

Kowace Juma'a, in an sauko daga babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, tafiyar ƙafa ce daga gidanmu, nakan sami inuwa in zauna kwata ɗaya da ɗan littafi. Me na ce zan yi a makon nan, me na yi, me ya hana. A ƙasan kalandar na yi gida uku: yana jira, ana yi, an gama. Injiniya ya ce dabarar daga masana'antar motocin Toyota ta fito a Japan. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce babban abu ɗaya kaɗai ke zama a gidan tsakiya, taura biyu ba ta taunuwa. Wani abokina ya zo da maganar mu shiga harkar sola, ga riba. Na so ƙwarai. Na rubuta ta a gidan jira, tana nan har yanzu.

A bes an yi ta gardama a kaina. Wani aminina ya ce, da gaske yake ba ba'a ba, "Kai yanzu ka rubuta abin da za ka yi a watan Maris na baɗi. Ka san za ka kai? Wannan ba shiga hurumin Allah ba ne?" Maganar ta dame ni har na kai ta wurin malamin da ya koya mini Alƙur'ani. Ya ce in buɗe Suratu Yusuf in ga yadda Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tsara wa Masar noman shekara bakwai da ajiyar hatsi a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari. Ya tuna mini da wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara. Ya ce sharaɗin yana cikin Suratul Kahfi: kada ka ce zan yi abu gobe ba tare da in sha Allahu ba. Na dawo na rubuta ta da ajami a saman kalandar, da babban rubutu.

Ƙarshen 2022 kowa a Gana ya ji a jikinsa. Dala da ke wajen sidi 6 a farkon shekara ta kusa 15 a Nuwamba, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Megar da na taya a Yuli, da na koma kuɗinta ya kusa ninkawa. A tsarin farko da wannan ya isa ya karya ni. Wannan karon na duba kalanda na ga mega ba ta kan jan layi. Ana iya aro, ana iya saye bayan lasisi. Na cire ta, na mayar da kuɗin kan darasin share fage da fom. Sunan Oktoba da bikin Janairu kuwa katin sidi 5 ya ɗauke su, bai ishe su duka ba amma ya rage nauyi, kuma na je da sakin fuska. Na ci, na yi barka, na tsaya har aka watse.

Akwai mutum ɗaya da na manta ban sa a lissafi ba, kuma shi ya fi kowa haƙƙi a kan hannun nan nawa. Wajen Disamba na lura Masta ya rage kirana aiki. In mun haɗu gaisuwa ce a tsaye. A bakin wasu ya ji ina neman lasisi, ya ɗauka shirin barinsa nake a ɓoye. Ranar wata Lahadi na sayi goro na je gidansa a Mamobi, na cire takalmi na zauna a ƙasa. Na ce, "Masta, na yi kuskure da ban fara zuwa nan ba. Duk abin da zan rubuta a jarrabawar nan kai ka sa shi a hannuna. Izini na zo nema." Ya daɗe yana juya goron a tafinsa. Ya ce shi ma ya so yin ta lokacin da dokar ta fito, ido da shekaru suka hana. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani allon katako da ya yi shekaru yana koya wa yara a kai, da ramukan ƙusa ko'ina. Ya ce kowace Lahadi in zo. Shi ne kuma ya karɓo mini aron mega wurin wani abokinsa, ya tsaya a kaina ina gwadawa a volt 500 har na saba da karanta ta, ina faɗa da baki cewa kada ta gaza megom 1. Ya kuma hana ni al'adar cewa "ja da baƙi" in ina nufin waya mai wuta da abokiyarta, tunda launin yanzu ruwan ƙasa ne da shuɗi, ta ƙasa kuma kore da rawaya.

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen Maris. A kalandata watan fari ne tas, ba sanda ko ɗaya sai bita ta kwata ɗaya bayan sahur. Na yi ashamina, na je tafsiri, ban ji ina bin kowa bashi ba.

Ranar rubutu na ga tambaya irin ta hitar nan, da wasu lambobi daban. Na karanta sau ɗaya na gane abin da take so. Akwai biyu da ban iya ba, na bar su na wuce. Aikin hannu bai ba ni wahala ba. A tambayoyin baki Turancina ya yi ta tuntuɓe, amma da aka tambaye ni amfanin wayar ƙasa na yi bayani har da hannu, mai tambayar ya gyaɗa kai. Da sakamako ya fito sunana yana ciki, sunan da aka gyara, da na mahaifina a ƙarshe. Mma na fara gaya wa. Ta ɗaga hannu sama ta daɗe tana addu'a, sannan ta ce in je in gaya wa Masta kafin ya ji a waje.

Ginin East Legon ya riga ya ƙare, Injiniya ya koma wani aikin a Takoradi. Na aika masa saƙon murya ta WhatsApp. Ya amsa da barka, ya ce saura abu ɗaya: aiki ba ya rufuwa sai an zauna an rubuta abin da ya tafi daidai da abin da ya karkace, don na gaba. Na rubuta shafi biyu. Na farko a jerin abin da ya karkace shi ne Masta, na biyu kuma katin zumunci, wanda ya kamata ya fi sidi 5.

Takarda ta farko da na sa wa hannu ta wani gida ce mai ɗaki biyu a Fadama, aikin Masta. Shi ya riƙe mini wayoyin mega ina karantawa.

Kalandar 2023 ba ni na juya bayanta ba. Matata ce. Tana so ta bar bakin ƙofa ta kama ɗan shago kusa da babban titi, ta ƙara da wake da shinkafa da rana. Ta zana sandunanta da kanta, ta sa bikin ƙanwarta, ta sa azumi, ta sa watan da gawayi ke tsada. Muna ta gardama a kan inda jan layinta yake. Ni na ce firiza ce. Ita ta ce ba firiza ba ce, yarinyar da za ta riƙe mata kasko ce, don sai an yi wata uku ana koya mata kafin ƙosanta ya daina shan mai. Biron yana hannunta, ba ta ja ba tukuna.